Wa ya taɓa fita tattakin yara masu galahanga?

Maman Abba, Ƙofar Marusa, Katsina:
Assalamu alaikum 'yan uwa. An ce za a sake fita tattaki ranar 2 ga Afrilu, ranar da Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware ma otizim, wanda wasu ke ce ma galahanga, wato lalurar da ke sa yaro wahalar magana da mu'amala da mutane. Abba na shekara shida, magana sai kalma ɗaya biyu, kuma maigidan ya ce in na fita da shi titi tallar yaro zan yi. Don Allah wanda ya taɓa zuwa ya faɗa mani gaskiya, da amfani ko shan rana ne kawai?

Maman Ummi, Sabuwar Unguwa:
Wa alaikumus salam Maman Abba. Ni na je a 2024, cikin azumi ma ya faɗo, muka taso daga Ƙofar Soro da safe muka nufi Ƙofar Ƙaura, kowa da shuɗiyar riga. Wallahi kuskuren da aka yi shi ne lasifika, an ɗora ta bisa mota ana ta sanarwa ga hon na 'yan acaɓa, alhali yaranmu ba abin da suka tsana irin ƙara. Ko rabin hanya ba mu yi ba Ummi ta toshe kunnuwa ta zauna daɓas bisa kwalta tana ihu, na ɗaga ta ta ƙi, mutane suka taru har wani dattijo na cewa Hajiya a kai ta a yi mata ruƙiyya. Na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Na tsaida napep muka juyo, to a ciki ne wata tsohuwa ta karanta rubutun rigata ta ce mi ye wannan, ina yi mata bayani sai ta riƙe hannuna, wai jikanta shekara huɗu in an kira sunanshi bai waigowa, bai haɗa ido da kowa, wuni yake yana jera silifas a layi in an taɓa ɗaya gidan ya ɗauki kuka, su sun ɗauka kurma ne. Na ce su kai shi wajen likitan yara. Ta kai shi, har yau muna waya.

Malam, daga Daura:
Mu a nan mutum goma sha wani abu ne muka zagaya, ba kiɗa ba mota. Ni abin da na riƙe a kwali shi ne dokar hana nuna wariya ga masu buƙata ta musamman da Buhari ya sa ma hannu a Janairun 2019, saboda ɗan yayata makaranta biyu suka maido shi wai yana damun aji.

Baban Sadik:
Ku yi haƙuri zan ɓata maku. An karɓi kuɗin riga, an tara gudummawa, an ɗauki hoto an zuba a Facebook, daga nan shiru kake ji. Ni mai koya ma Sadik magana nake nema, shekara ta zagayo ban samu ba. Ƙafa ba ta biyan wannan.

Anti Nas:
Baban Sadik ka yi gaskiya, wannan karon a tambayi ina kuɗin za su tun kafin a bada. Amma ni na ga amfaninshi ta wani gefen, tambayar da aka fi yi mani a hanya ita ce wai allurar rigakafi ce ke jawo otizim. A'a. Binciken da ya tada wannan maganar a Ingila a 1998 an janye shi a 2010. Ba aljanu ba ne, ba sammu ba, ba laifin uwa ba ne, haka ƙwaƙwalwar yaron ta ginu, kuma babu wani magani da ake sha ya tafi, horo ne da haƙuri, in an fara da wuri ya fi. Maman Abba in za ki da shi ku tsaya can baya nesa da lasifika, ki riƙo ruwa da abin wasan da ya saba, da kin ga ya fara kaɗa hannu da yawa ko yana toshe kunne ku fice.

Maman Abba:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Na nuna ma maigidan, ya ce in je amma Abba ya zauna wajen kakarshi. Maman Ummi rigarki tana nan? Ki ara mani in ba za ki ba bana.