Shawarwari kan koyar da aikin jarida a Yamai

A wata hira da malamai, ɗalibai da tsoffin 'yan jarida suka yi a Yamai, shawarar da ta fi jan hankalina ita ce ta harshe. Da Faransanci ake karatun jarida, a jami'a ko a makarantar koyon aikin jarida ta ESSCOM (tsohuwar IFTIC), amma mutanen karkara da Hausa, Zabarmanci, Fulatanci da Tamashek suke sauraron rediyo. Studio Kalangou ma, cibiyar shirya labaran rediyo da ke Yamai, tun 2016, da waɗannan harsunan take watsa shirye-shiryenta. Don haka aka ce a koya wa ɗalibi rubuta labari da Hausa kai tsaye. Kowa ya taɓa jin mai gabatarwa riƙe da takardar Faransanci yana fassarawa a gaban makirufo, yana inda-inda, har ma'anar ta ɓace. Wannan gyaran, a ganina, ya fi kowanne gaggawa.

Sai salula. Ɗalibi ya iya ɗaukar murya da bidiyo, ya tace, ya aika da waya ɗaya, domin gidan rediyon ƙauye ba shi da injiniya a gefe. Ya kuma iya bin diddigin hoton da ke yawo a WhatsApp: wa ya fara tura shi, yaushe, daga ina?

Koyon aiki kada ya tsaya a gidan talabijin na Télé Sahel da jaridar Le Sahel, kafofin gwamnati da ke Yamai. A tura yara Tawa da Maraɗi. Wani dattijo ya ƙara da cewa a sa darasin dokokin jarida da na lissafin kuɗi, saboda da yawansu aikin kansu za su yi, ba albashi.