Jingar garinku ta riƙe ko ta ɓalle? Mu ji daga waɗanda suka kwana a kanta

Ɗan Haɗeja:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Duk shekara kafin damina hukumar lura da ruwan koguna, NIHSA, kan fitar da jerin ƙananan hukumomin da ake jiye wa ambaliya, hukumar hasashen yanayi, NiMet, ta faɗi yadda ruwan sama zai kasance, sai a yi ta sanarwa a rediyo cewa mutanen bakin kogi su koma tudu. Mu na gabashin Jigawa mun saba jin sunayenmu: Haɗeja, Auyo, Kafin Hausa, Kirikasamma, Guri. To, sanarwa mun ji. Zancen jinga nake so mu yi. Wa ya gina ta garinku, wa ke duba ta da rani, kuma yaya ta yi da ruwa ya iso? Don Allah wanda ya gani da idonsa, ban da "an ce".

Manomin shinkafa, yankin Auyo:
Wa alaikumus salam. Ta ƙauyenmu da aikin gayya muka yi ta, kuma a 2022 ta sha wuya. Da ruwa ya fara hawa a watan Satumba, mai gari ya raba mu kashi-kashi, wasu daga isha'i zuwa tsakar dare, wasu daga nan zuwa asuba. Kowane magidanci ya kawo buhu, na taki ne ko na siminti, yara na cikawa da ƙasa, samari na ɗauka a ka. Buhunan da aka yi mana alƙawari daga sama sai da ƙura ta lafa suka iso.

Abin da ya fi ba mu tsoro ba gefen kogin ba ne, bayan jingar ne, wajen gari. Wani dattijo da ke zagaye da fitila shi ya nuna mana: za ka ga ruwa na ɓuɓɓugowa daga ƙasa a gindin jingar. In ya fito garau, da sauƙi. In ya fito da laka, to cikin jingar yake ci, kuma ba a toshe shi da ƙarfi, sai ya ɓulla wani wurin. Kewaye shi ake yi da buhuna har ruwan ya taru a ciki ya rage gudu. Haka muka yi, gari ya tsira. Gonaki kuwa sun tafi, shinkafa ta fara fitar da kai ke nan.

Malamar firamare, Haɗeja:
Malam, sannunku da ƙoƙari. Mu a cikin gari jinga ta riƙe, alhamdulillah, amma maza sun yi kwanakin da ba su san makwancinsu ba, mu kuma muna dafa abinci ana kai musu can. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne abin da ke biyo baya. Mutanen ƙauyuka da ruwa ya kora, ajujuwa aka buɗe musu, daidai lokacin komawa makaranta. Aji ɗaya iyali huɗu ko biyar, an ja zane an raba. Rijiyoyi da masai sun haɗu, sai ga amai da gudawa, ga sauro. Duk shirin da babu ruwan sha mai tsabta da makewayi a cikinsa, mata da yara ne ke biyan kuɗinsa.

Masunci, Guri:
Ku na can sama kuna ta ɗaga jinga, mu na ƙasa muna kallon kogi yana cikewa. Ina yaro, kogi kan janye da rani har a taka yashi a tsallaka. Yanzu ruwa ba ya ɗaukewa, doguwar ciyawar ruwan nan, kachala, ta samu wurin zama. Ta toshe tsohuwar hanyar kogin, ruwa ya karkata ta mashigin Marma ya nufi Nguru, inda ake so ya je kuma ya ƙi zuwa. Akwai mashigin da da nake bi da kwalekwale, yau ko da adda ba ka ratsa shi. Ga tsuntsayen jan-baki da ke kwana a cikinta su fito da safe su far wa gero da shinkafa.

Mun sha fita gayyar yanke ta, ruwa iya ƙirji, matsattsaku na manne wa mutum. Kafin shekara ta zagayo ta dawo. Injinan nan masu tafiya a kan ruwa da gwamnatin jiha ta sayo, inda suka yi aiki an ga bambanci, gaskiya ce a faɗe ta. Amma kogin yana da tsawo.

Tsohon ma'aikacin ruwa, Kano:
Maganar ɗan'uwa na Guri ita ce gindin zancen. An gama dam ɗin Tiga a kan kogin Kano a 1974, na Challawa a 1992, kuma waɗannan koguna biyu su ne ke haɗuwa su zama kogin Haɗeja. Saboda noman rani da ruwan shan Kano, ana sakin ruwa har da rani. Kachala ba abin da take so kamar ruwa marar zurfi da ba ya ƙafewa. Tana rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta, ƙasan kogi ya ɗago. Saboda haka ruwan da da zai wuce salin-alin, yau sai ya haura gaɓa. Ka ƙara wa jinga kamu ɗaya bana, in ba a yashe kogin ba, baɗi sai ka sake ƙarawa.

Sannan ku yi mini uzuri, yawancin abin da muke kira jinga tarin ƙasa ne kawai. Ta gaskiya da ƙasa mai yumɓu ake yi, a zuba kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe, sannan a ƙara wani a kai, gindi da faɗi, a dasa ciyawa a jikinta. Wannan aikin Janairu zuwa Mayu ne. Wadda tifa ta juye a Agusta ana ruwa, katafila ta ture ta, ba ta da ƙwari ko kaɗan. Na sha gani ana fitar da kuɗin aikin sai gajimare ya haɗu.

Ɗan tsallake:
Baba, Allah ya ƙara girma, amma akwai wadda ba ku taɓo ba. Ruwan da jingar wani gari ta tare, ina yake zuwa? Kanmu. Ƙauyenmu na fuskantar wani babban gari, kogi a tsakani. Da suka ɗaga tasu, mu da ba mu da mai faɗa a ji, ruwa ya kwana a ɗakunanmu, katangun ƙasa suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. Kuma kowa a yankin nan ya san masu gadin jinga da dare ba ruwa kaɗai suke gadi ba, har da gora suke riƙewa, kada wani ya zo ya fasa don ruwa ya sauka daga nasa ɓangaren. Da surukaina muka kusa ɓatawa a kan wannan.

Manomin shinkafa, yankin Auyo:
Wallahi ɗan'uwa ba ka yi ƙarya ba. Mu ma da sanduna muka kwana. Ba don mugunta ba, kowa 'ya'yansa yake ji.

Tsohon ma'aikacin ruwa, Kano:
Shi ya sa bai kamata kowane gari ya ja tasa yadda ya ga dama ba. Kogin nan daga Kano ya ratsa Jigawa ya shiga Yobe har tafkin Chadi. Dole a bar masa fadamar da zai bazu, a kuma zauna da mutanen wurin a kan diyya tun kafin ruwa ya zo.

'Yar Gwange, Maiduguri:
Ni ba 'yar yankinku ba ce, amma ku bar ni in sa baki. Dam ɗin Alau ya ɓalle a Satumban 2024, cikin dare ruwa ya shigo mana ta kogin Ngadda. Iyayenmu suna ba da labarin na 1994, mu muna ɗauka tarihi ne. Muna kwance muka ji ihun maƙwabta, kafin in goya ƙaramin yarona, ruwa ya kai gwiwa a tsakar gida. Ba wanda ya san ta wace hanya za a bi, kowa na bin na gabansa. Har fadar Shehu da Kasuwar Monday ruwa ya shiga, gidan namun daji ma bai tsira ba. Ku da kuke da jinga a ƙofar gida, ku tambayi lafiyar dam ɗin da ke samanku, kuma ku san tudun da za ku nufa tun yanzu, kowa a gidan ya sani har yara.

Ɗan Harobanda, Yamai:
Gaisuwa daga Nijar. Mu kogin Isa, wato kogin Neja, sau biyu yake cika: na damina mai jan ruwa da rafuka irin su Sirba ke kawowa, da wanda ke isowa daga Gini da sanyin hunturu. Na damina ne ya karya jingar unguwar Lamorde a 2020. Mutane sun gina gidaje har gindinta don sun amince da ita, da ta fashe kuwa ruwan da ya shigo ya rasa hanyar komawa kogi, ya zauna cikin unguwa. Mun daɗe muna fake a makaranta kafin a kai mu wani fili.

Malamar firamare, Haɗeja:
Allah ya kiyaye gaba. Baba na Kano, tambaya gare ku: mu da ba injiniyoyi ba, me za mu duba in mun hau jinga da rani?

Tsohon ma'aikacin ruwa, Kano:
Malama, ku bi ta da ƙafa daga farko har ƙarshe, kada ku tsaya inda mota ke kaiwa. Ku nemi ramin gafiya da gidan gara, da tsagewar da ta bi tsawonta, da inda shanu da amalanke suka mai da ita hanya har ta lotsa. Ku duba gindinta, don masu yin tubali na yawan ɗibar ƙasa a nan. In akwai kwalbatin da ke fitar da ruwan gari zuwa kogi, a gwada murfinsa a ga yana rufuwa, in ba haka ba ta nan kogi zai shigo muku jinga na tsaye. Ku ɗauki hoto, ku rubuta wurin, mai unguwa ya sa hannu, a kai ƙaramar hukuma kafin watan Maris ya fita, ku kuma riƙe kwafi.