Zomanyata ta mutu cikin kwana ɗaya, yanzu ɗayan ma ya rage cin abinci, dan Allah a ba ni shawara

Maman Auduga:
Salam 'yan uwa. Wallahi ina rubutun nan ne hannuna na rawa. Zomaye biyu gare ni, Auduga da Toka, shekara uku kenan suna tare, tare suke kwana tare suke ci. Shekaranjiya da yamma na zuba musu ganye kamar kullum, Toka ya taho da gudu amma Auduga ko motsi ba ta yi ba, ta takure a lungun keji ta dunƙule kamar ƙwallo, ido a ɗan rufe. Ita da ko ƙarar leda ta ji sai ta miƙe tsaye da ƙafa biyu. Na miƙa mata guntun karas ta shinshina ta kau da kai. Na ce a raina ƙila gajiya ce, bari in gani zuwa safe. Wajen sha ɗaya na dare na leƙa na ji tana tauna haƙora ƙaras ƙaras da ƙarfi, na shafa cikinta na ji ya yi tauri kamar ganga, kunnuwanta sun yi sanyi. Na naɗe ta a tawul na zauna da ita a cinya har wajen biyu sannan barci ya kwashe ni. Da safe na kai ta wajen likitan dabbobi, ya sa mata ƙarin ruwa ya yi mata allurar rage zafi, ya ce iska ta cika mata ciki kuma jikinta ya yi sanyi sosai. Ko awa biyu ba a yi ba ta cika.

Sai da na dawo ina share kejin na lura kashin da ke ɓangarenta ƙanana ne busassu, wasu a haɗe da gashi kamar an zura su a zare. Kenan abin ya kwana biyu yana zuwa ban gani ba.

Tambayata biyu ce. Da na kai ta tun daren da ta rayu? Abin nan ya hana ni barci, a gida kuwa dariya ake min wai a kan zomo nake kuka. Na biyu kuma wanda ya fi damuna yanzu, Toka tun jiya rabin abincinsa kawai yake ci, yana ta zagaye yana shinshina inda take kwanciya. Me zan yi masa?

Abu Kiwo:
Allah ya mayar da alheri 'yar uwa. Ki fara da Toka, shi ne mai rai. Ki share kejin tas yanzu yanzu don ki ga kashin da zai yi sabo, ki duba yawansa da girmansa. Zomo lafiyayye yana yin ɗari biyu zuwa ɗari uku a rana, dunƙulallu masu girma ɗaya. In ya kai awa goma zuwa sha biyu bai ci komai ba ko bai yi kashi ba, kar ki jira safiya ko da tsakar dare ne.

Ummu Salma:
Ayya sannu, Allah ya ba ki haƙuri. Ni dai da kaji na saba, in suka yi laushi amoxicillin nake jiƙa musu a ruwa, ko za ki gwada ma Tokan?

Anti Likita:
Ummu Salma dan Allah a'a. Na san da kyakkyawar niyya kika faɗa amma wannan maganin kashe zomo yake in ya sha ta baki. Shi da ampicillin da clindamycin da lincomycin duk ɗaya ne, suna kashe ƙwayoyin halitta masu amfani da ke narka masa ciyawa a hanji, sai miyagun su samu fili su yaɗu su zuba guba, cikin 'yan kwanaki zawo ya kwantar da shi. Cikin kaza daban na zomo daban.

Ke kuma ƙanwata, bari in yi miki bayani yadda na fahimta daga abin da kika rubuta, duk da ban ga dabbar ba. Abu biyu ne suke kama da juna. Na farko tsayawar hanji, wato hanjin ya rage motsi a hankali saboda ciwo a wani waje, ko matsalar haƙori, ko ƙarancin ciyawa a abinci, ko firgici, ko rashin shan ruwa. Wannan yana ɗaukar kwana ɗaya zuwa uku yana tsananta, kuma in an kama shi da wuri yawanci ana shawo kansa da ruwa da maganin zafi da ɗura abinci da sirinji. Na biyu toshewa, curin gashi ko wani abu ya maƙale a farkon ƙaramin hanji. To zomo ba ya amai, ba ya kuma iya gyatsa, duk ruwa da iskar da suka taru a tumbi ba su da hanyar fita, sai tumbin ya kumbura ya danne jijiyoyin jini, jiki ya yi sanyi. Wannan cikin awa kaɗan yake kashewa. Cikin da kika ce ya yi tauri kamar ganga da kunnuwa masu sanyi sun fi kama da na biyun. Zafin jikin zomo tsakanin digiri 38 da rabi ne zuwa 40, in ya sauka ƙasa da 37 an shiga hatsari sosai.

Ba zan yi miki ƙarya in ce zuwa da wuri ba shi da amfani ba, yana da shi, da an samu damar zuƙe iskar da bututu ko a yi tiyata. Amma na sha ganin waɗanda aka kawo cikin awa biyu uku kuma duk da haka suka tafi. Kuma abu ɗaya da kika yi daidai ba tare da kin sani ba, ba ki ɗura mata abinci ba. Mutane da yawa suna ganin zomo ya ƙi ci sai su hau ɗura, in toshewa ce kuwa ƙara mata azaba kawai za a yi. Ɗumin tawul ɗin nan da cinyarki ma ba banza ba ne, shi ne abin da take buƙata a lokacin.

Maman Auduga:
Anti na gode Allah ya saka da alheri. Amma gashin nan fa? Satin da ya wuce tana ta zubar da gashi, ko ina a ɗaki fari fat, ni kuma ban taje ta ba ko sau ɗaya saboda ba ta son a riƙe ta.

Anti Likita:
Kullum akwai gashi a cikin zomo saboda lasar jiki da yake yi, in hanji na tafiya daidai fita yake yi tare da kashi. Abin da ke tura shi busasshiyar ciyawa ce, ita ya kamata ta zama kusan kashi 80 cikin ɗari na abincinsa, tana gabansa dare da rana. Ganye ya biyo baya, abincin kamfani ɗan kaɗan, karas da kayan zaƙi kuwa ɗan lasa ne kawai. Me kike ba su?

Maman Auduga:
Gaskiya abincin kamfani ne cike da kwano kullum, ciyawar ba sa kula ta sosai sai na rage sawa. Innalillahi.

Baban Twins:
Haka na yi shekara biyu nima Hajiya, kar ki kashe kanki da tunani, in dai kwanon a cike yake ba zomon da zai kalli ciyawa. Ki riƙa rage masa sannu sannu cikin sati biyu zuwa uku, kar ki canza rana ɗaya, kuma ba yanzu da yake cikin wannan halin ba, yanzu duk abin da ya yarda zai ci ki ba shi. Sannan zomo dabba ce da ake farauta, ɓoye ciwo a jininsa yake, sai ya kai maƙura kike gani. Ni nawa ranar da ya mutu, da safe har tsalle ya yi min.

Wani abu kuma, kin bar Toka ya ga gawarta? Lokacin da nawa ya mutu na ajiye shi kusa da matar na ɗan lokaci, ta shinshina ta lashe masa kunne ta ture shi da hanci, can sai ta koma gefe, daga nan ba ta ƙara nemansa ba.

Maman Auduga:
Ban san ana haka ba wlh, daga wajen likita aka binne ta. Tawul ɗin da na naɗe ta dai yana nan ban iya wankewa ba.

Abu Kiwo:
Wasu na sa wa ɗayan irin wannan tawul ɗin saboda ƙamshinta, amma ki tambayi likita tukuna. Akwai cutar zomaye mai sa zubar jini a ciki, RHD, an fara ganinta a Sin a 1984, sabon nau'inta ya ɓulla a Faransa a 2010, tana kashewa farat ɗaya kuma tana daɗewa a jikin kaya. Bayaninki bai yi kama da ita sosai ba, amma tunda ba a buɗe gawar an duba ba gara a yi hattara. Ki tambaya ko akwai rigakafinta a inda kike.

Zee:
Masu yi miki dariya ba su taɓa dawowa gida wani abu ya taho da gudu ya ɗora hanci a ƙafarsu ba. Ki yi kukanki. Ni da ɗaya daga cikin nawa ya mutu, wata biyu na yi ina yanka ganye na zomo biyu kafin hannuna ya saba. Kuma kar ki yi saurin kawo masa wata, zomaye ba sa karɓar baƙo haka nan, faɗa za su yi har da jini in ba a haɗa su a hankali ba.

Maman Auduga:
Na dawo 'yan uwa. Ban jira awa sha biyun ba, da yamman nan na kai shi. Likita ya shafa cikin ya ce da laushi, ba kumburi, ya leƙa bakinsa da fitila ya ce haƙoran ciki na hagu sun ɗan yi tsini za a goge su wani satin. Ya ba shi maganin zafi da ruwa a ƙarƙashin fata, ya ce tawul ɗin in bar shi nesa da keji tukuna. Na shimfiɗa tabarma kusa da shi ina zaune, ɗazu ya zo ya ja tsinken ciyawa uku daga hannuna ya koma inda Auduga take kwanciya ya cinye a can. Na ƙirga kashi 14 tun da muka dawo, ƙanana ne amma dai suna fita. Na saita ƙararrawar waya ƙarfe biyu da ƙarfe biyar in tashi in sake dubawa.