Neman shawara: takardar neman aikin tuƙin bas

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Ni direba ne, na daɗe ina jan ƙaramar bas ta haya, Hiace, a hannun masu motoci daban-daban. Iyali sun ƙaru, shi ya sa nake son komawa aikin kamfani mai albashi. Na kai takardar tarihin aikina wurare da dama, amma shiru kake ji. Wani ne ya buga min ita a kwamfuta, shafi uku: makarantun da na yi tun daga firamare, sai jerin halaye irin "mai gaskiya, mai ƙwazo", sai abubuwan sha'awa. Tuƙin kuwa layi ɗaya ne a shafi na biyu. Masu motocin da na yi wa aiki ba su ba ni wata shaida a rubuce ba, akwai shekarar da na ajiye tuƙi don jinyar mahaifina, kuma an taɓa buga min mota ta baya a danja. Wani aboki ya ce in rubuta na iya jan doguwar bas, wai sitiyari duk sitiyari ne. Don Allah ku haska min.

Wata 'yar uwa mai aikin tace takardun direbobi:
Wa'alaikumus salam ɗan uwa. Ba tuƙinka aka raina ba, ba a ma gan shi ba ne. Idan takardu suka taru a gabana, abin da idona ke nema da farko shi ne ajin lasisi da ranar ƙarewarsa. In ban same su a saman shafi ba, sai in ɗauki ta gaba. Saboda haka bayan sunanka da lambar waya, lasisin ya biyo nan take. Daga nan sai aikin da ka yi, ka fara da na baya-bayan nan ka gangara: daga wace shekara zuwa wace, wace irin mota, kujera nawa, giyar hannu ce ko mai canza kanta, cikin gari ko doguwar tafiya, da rana ko har da dare. "Direba mai ƙwarewa" ba ta gaya min komai. "Hiace mai giyar hannu, doguwar tafiya, har da tuƙin dare" ta gaya min motar da zan iya damƙa maka.

Halayen nan na gaskiya da ƙwazo kowa yana rubuta su, har wanda aka kora jiya. Ka cire su, ka sa abin da kake yi da hannunka kafin ka tayar da mota: duba iskar taya, baƙin mai, ruwan lagireto, birki, fitilu da madubai. In kana riƙe lissafin kuɗin mota ko littafin tafiya, ka faɗa, domin kamfani yana son direban da zai iya cike fom. Makaranta kuwa, ta ƙarshe kawai ta isa. Duk wannan shafi ɗaya zai ɗauke shi. Shekarar jinya kada ka tsallake ta, ka rubuta "jinyar mahaifi" a gurbinta. Gibin da ba a yi bayaninsa ba shi ke sa mu zargin ko an ƙwace lasisi ne.

Tsohon direba:
Yarona, Allah ya saka maka da alheri kan jinyar mahaifinka. Maganar abokin nan naka kuwa ka watsar da ita. Doguwar bas tsawonta ya kai mita 12, birkinta na iska ne, ba na mai ba. Sai ka jira agogo ya nuna iska ta cika kafin ka motsa, kuma in iskar ta yi ƙasa sosai birkin kame kansa yake yi. Wajen shan kwana gindinta yana fita waje, tayar baya kuma tana yanke hanya. Wanda bai saba ba, tun kafin ya fita ƙofar gareji mai gwaji ya gane shi. To a ce ma ka tsallake gwajin, rayukan mutum hamsin fa za ka ɗauka. Ka rubuta abin da ka ja, ka ƙara da cewa a shirye kake a horar da kai kan babbar mota. Ni ma daga ƙarama na faro, na bi ta Coaster, kafin aka ba ni doguwa.

Wani direba mazaunin Turai:
Ina tare da Baba. Ƙarin da zan yi, haruffan ajin lasisi ba ɗaya suke a ko'ina ba. A tsarin yarjejeniyar Biyana ta 1968, wato yarjejeniyar ƙasa da ƙasa kan dokokin hanya, ajin D shi ne na motar fasinja mai kujera sama da takwas ban da ta direba, amma wasu ƙasashen da nasu haruffan. Ka karanta tallar aikin da kyau, ka ga ajin da suka nema, ka gwada da naka. A nan Tarayyar Turai direban bas sai ya yi horo na awa 35 duk shekara biyar, kuma doka ta ce a huta minti 45 bayan tuƙin awa huɗu da rabi. Shi ya sa duk wata takardar horo take da daraja. In ka taɓa yin kwas na tuƙin kariya ko na taimakon gaggawa, ko kana da sakamakon gwajin ido, ka rubuta da shekararsa.

Wani ɗan uwa:
Ni a ganina ya rubuta hatsarin nan a takardar, kada daga baya a ce ya ɓoye.

'Yar uwa mai tace takardu:
A'a Malam, ba wurinsa ba ne. Takardar ba ta da filin da zai yi bayani, mai karantawa kalmar hatsari kawai zai gani. Abin da ba zai yi ba shi ne rubuta "ban taɓa hatsari ba", domin wannan ƙarya ce, kuma ana bincikawa. In fom ya tambaya, ko aka tambaye shi a ganawa, ya faɗi yadda abin ya faru: yana tsaye a danja aka buge shi. In yana da rahoton 'yan sanda ko na inshora, ya tafi da kwafi.

Wani matashi:
Yaya, ka duba lambar wayar da ke jiki, ka tabbatar ita ce a hannunka kuma tana shiga. In ta intanet za ka tura, kada ka ɗauki hoton takarda da waya, ka tura ta a PDF, saboda wasu kamfanoni manhaja ce ke fara karanta takardun, kuma ba kowace ke iya karanta hoto ba. Sunanka kuma ya zo daidai da yadda yake a lasisi, harafi da harafi.

Mai tambaya:
Na gode ƙwarai, Allah ya bar zumunci. Saura maganar shaida. Tunda masu motocin ba su da takarda mai tambari, wa zan sa?

Tsohon direba:
Su ɗin dai za ka sa. Ka zaɓi mutum biyu da kuka rabu lafiya, ka je ka same su da kanka, ka nemi izini kafin ka rubuta lambarsu, ka gaya musu za a iya kira. Ka tuna musu shekarun da ka yi musu aiki, don kada bakinku ya saɓa. In ɗaya zai sa hannu a 'yar gajeriyar wasiƙa, ko da rubutun hannu ce, ka haɗa da ita. Shugaban ƙungiyar direbobinku ma zai iya tsaya maka. Ɗan uwanka na jini dai kada ka sa shi a wannan gurbin, ba shi suke son ji ba.