Wa ya aske kan Dutsen Shere na Jos?

Ɗan Bukuru:
Na hau Shere da sanyin safiya,
Ba inuwa guda ta jingina.
Ƙasa ga mangwaro, sama sai ciyawa,
Sanyi ne ya yi askin, 'yan'uwana.

Baƙon Abuja:
Ka hau tudu kana ta haki,
Ka sauko ka ba wa sanyi laifi.
Shere mita 1,829 ne kacal,
Kilimanjaro na da kurmi har wajen 3,000,
Bakinka ya fi karatunka kaifi.

Malamin Gangare:
Baƙo, ɗango na huɗu ya karye. Ka fara da ƙwar huɗu ka ƙare da biyar, kuma lamba ba ta hawa kari.

'Yar Rikkos:
Malam, a bar shi ya rera. Wanda ya kawo hujja ai ba a auna masa gaɓa. Allah ya ƙara basira, Baƙo!

Malamin Gangare:
Hujja daban, waƙa daban, 'yata. In lissafi yake so ya tafi aji.

Ɗan Bukuru:
Kai mai kwana gaban fanka,
Me ka sani game da hunturu?
Duk mita dubu da ka hau sama,
Digiri shida da rabi sun zube, ka yi shiru.
Dankalin Bokkos kai shi Gwagwalada,
Ka ga ko zai yi ƙwaya ko zai ƙundumu.

'Yar Rikkos:
Shiru da ƙundumu? Malam, wannan ba ka gani ba, don ɗan garinku ne?

Baƙon Abuja:
Na ba ka dankali, na ƙara da shayin Mambila,
Sanyi ke zaɓar abin da gona za ta ɗauka.
Amma itace sai lokacin tsiro ya gaza digiri bakwai
Yake durƙusawa ya bar wa ciyawa duka.
Naku gatari ne da gobara da ramin kuza,
Ɗan Bukuru, tambayi kakanka.

Inna Mai Itace:
Yarana, na makara, ina kasuwar Faringada.
Da hannuna na ɗaure dami a gindin dutsen,
Gammo a ka, raɓa har gwiwa.
Ku leƙa kwazazzabon da wuta ba ta shiga,
Itatuwa na nan tsaye, har da tsuntsaye na kuwwa.
Sanyin bai taɓa su ba.

Malamin Gangare:
Inna, naki ba zan auna ba. Ɗan Bukuru, muna jiran gyaran ƙundumu.