Jirginmu zai tsaya awa tara a Barbados, ta ina ya kamata mu fara?

Mai tambaya:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Jirgin ruwan yawon shaƙatawa da za mu shiga a watan Janairu zai yada zango a Bridgetown, babban birnin tsibirin Barbados da ke yankin Karibiyan, daga ƙarfe 8 na safe zuwa 5 na yamma. Mu huɗu ne, ɗaya bai iya iyo ba. Muna son ganin kogon da ke arewa, da duwatsun Bathsheba, mu kuma shiga ruwa inda ake ganin kunkurun teku. Duka ukun za su yiwu a yini ɗaya? Kuma mu sayi zagayen da jirgi ke sayarwa ne, ko mu ɗauki tasi da kanmu?

Amsa ta farko:
Wa alaikumus salam, Malam. Da farko cire awa tara ɗin nan daga ranka. Jirgin da zai tashi ƙarfe 5, galibi 4:30 ake son kowa ya kasance ciki, kuma da safe sai jami'an tasha sun gama duba takardu kafin a buɗe ƙofa. Kafin ka bi layi ka fito, 8:30 ta yi. Ka ƙara ware awa ɗaya na ko-ta-kwana, wato ka sa a ranka 3:30 kana bakin tasha. Abin da ke hannunka awa bakwai ne.

Za su isa, amma fa sai an jera su daidai: a fara da wuri mafi nisa, a ƙare da wanda ke kusa da jirgi. Tsibirin bai wuce kilomita 34 a tsawo ba, 23 a faɗi, sai dai hanyoyin ƙanana ne masu kwana-kwana, kada taswira ta ruɗe ka. Daga tasha zuwa kogon, wato Animal Flower Cave, can ƙurewar arewa a St. Lucy, ka ba shi kusan awa ɗaya. Idan kun tashi 8:45, kuna can kafin 10. Minti 45 ya ishe ku. Daga nan ku gangaro ta gabas, ku ɗan tsaya a Cherry Tree Hill don hango gaɓar daga sama, ku isa Bathsheba wajen 11:30. Ku bar can 12:15, ku ratsa tsibirin zuwa Carlisle Bay, gaɓar da ake ganin kunkuru, wanda tsakaninsa da jirgi tafiyar minti 10 zuwa 15 ce a mota. Ko taya ta fashe a nan, ba ka cikin tashin hankali. Wanda ya juya tsarin, ya bar arewa zuwa la'asar, shi ne zai haɗu da cunkoson tashin 'yan makaranta da ma'aikata a hanyar shiga Bridgetown, yana kallon agogo yana gumi.

Game da kogon, teku ne ke yanke hukunci. Bakinsa yana fuskantar Atlantika kai tsaye, kuma a watannin sanyin arewacin duniya, ciki har da Janairu, manyan raƙuman ruwa kan bugo har ciki, sai a hana sauka. Direba ya kira ya tambaya kafin ku kama hanya. Matakalar sauka tana da tsayi, ƙasan kuma dutse ne jiƙaƙƙe. Silifas ba zai yi ba, a sa takalmi mai kama ƙafa.

Amsa ta biyu:
Na yarda da lissafin Malam na sama, amma akwai abin da ya fi tsari muhimmanci tunda kuna da wanda bai iya iyo ba. Gabas ta kallo ce, yamma da kudu maso yamma su ne na wanka. A Bathsheba za ku ga manyan duwatsu tsaye cikin ruwa, gindinsu ya cinye ya zama siriri, samansu ya yi faɗi kamar naman kaza, ruwa na dukansu fari fat. Za ku kuma ga masu wasan allo a kan igiyar ruwa a wurin da ake kira Soup Bowl. Kada ganinsu ya ja ku. Ruwan da raƙumi ya kawo bakin gaɓa dole ya koma, kuma yakan koma ta wata 'yar hanya siririya da ƙarfin gaske. Abin mamakin, wurin ne ya fi kama da kwanciyar hankali, domin raƙumi ba ya fashewa a kansa: ruwan ya ɗan yi duhu, kumfa da ciyayi na tafiya waje. Wanda ta ɗauka kada ya yi kokawa da ita don ya dawo kai tsaye, gajiya ce ke kashe mutane. Ya yi iyo ta gefe, daidai da layin gaɓa, har ya fita daga cikinta, ko ya kwanta a bayansa ya ɗaga hannu.

Carlisle Bay kuwa tsibirin ya tare masa iska, ruwansa a kwance yake. Akwai tsofaffin jirage da suka nutse a wurin, kifaye sun mayar da su gida, kuma ƙananan kwale-kwale na kai mutane kansu da inda kunkuru ke taruwa. Ɗan'uwanku ya nemi rigar ceto, a ɗaure masa igiyar da ke ratsawa ta tsakanin ƙafafu, in ba haka ba rigar za ta hau masa wuya. Ku gwada gilashin fuska tun kuna kan yashi: manna shi ba tare da madauri ba, ja iska ta hanci, idan ya tsaya ya yi daidai. Gashi ko gashin baki da ya shiga ƙarƙashin robar shi ne ke sa ruwa ya riƙa tsiyaya. Kunkuru kuma kallo kawai, ba taɓawa, ba bi.

Sai bishiyar manchineel da ke wasu gaɓoɓin yamma, wadda akan shafa wa jan fenti a gindi. 'Ya'yanta kamar ƙaramin tuffa kore, guba ne, ruwan jikinta na sa fata ta yi ƙuna ta tashi. Idan ruwan sama ya sauko, kada a fake a ƙarƙashinta.

Amsa ta uku:
Kan batun zagayen jirgi ko tasi, Malam, abin da kake saye da tsadar zagayen jirgi alkawari ne: idan motarsu ta makara, za a jira ku ko kamfani ya ɗauki nauyin kai ku zango na gaba. Idan da tasinku kuka makara, jirgi zai tafi, kuɗin jirgin sama da masauki a kanku. Ga mutum huɗu, da tsarin da aka ba ku na ƙarewa kusa da tasha, ni tasi zan zaɓa. Tasin Barbados ba su da mita, don haka a gama ciniki kafin a shiga: awa nawa, wurare nawa, kuɗin na mota ne ko na kowane kai, kuma da wace dala. Dalar Barbados biyu ita ce dalar Amurka ɗaya, nan rigima ta fi tashi. A biya a ƙarshe.

Ku lura da agogo. Barbados na gaba da Florida ta Amurka, inda jirage da dama ke tasowa, da awa ɗaya a Janairu. Wasu jirage na gyara agogonsu ya dace da na gari, wasu ba sa yi, wayarka kuma za ta iya sauyawa da kanta ba ka sani ba. Wanda ya ɗauka jirgi na kan tsohon lokaci alhali kyaftin ya gyara, ya makara da awa guda cif. Ɗaura agogon hannu, saita shi da na jirgi a bakin ƙofar fita, ka kuma tabbatar kai da direba lokaci ɗaya kuke nufi.

Ka ɗauki hoton takardar shirin ranar, akwai lambar wakilin jirgi na tashar a jiki, shi za ka kira in abu ya ɓaci. Katin jirgi, katin shaida mai hoto da maganin da kake sha kullum su shiga jakar da ruwa ba ya ratsawa. Man kariya daga rana, babba na buƙatar kusan mililita 30 a shafawa ɗaya, minti 20 kafin fita, a sake duk bayan awa biyu da bayan fitowa daga ruwa; bayan wuya da bayan gwiwa ne ke ƙonewa wajen kallon kifi. Kuma kaya masu zanen kakin soja haramun ne ga farar hula a Barbados, har ga yara, ko hula ce ko jaka a bar ta a ɗaki.

Mai tambaya:
Allah ya saka da alheri. To idan aka ce kogo a rufe yake fa?

Amsa ta farko:
Sai ku bar arewa gaba ɗaya, ku miƙe Bathsheba, tafiyar kamar minti 45 daga tasha. Za ku dawo Carlisle Bay kafin 11:30, ku sami wuri a kwale-kwale ba tare da gaggawa ba.