Me ya sa dawar gida take fitar da kai lokaci guda ko da an saɓa ranar shuka?

Manomin Funtuwa:
Assalamu alaikum. Masana, ga tambaya. Gonaki biyu maƙwabta, iri ɗaya na Kaura. An shuka ɗaya farkon Yuni, ɗaya sai farkon Yuli, amma suka fitar da kai kusan tare, ta bayan dai gajeriya ce kuma zangarniyarta ƙanana. Masara ba ta yin haka. Mene ne dalili, kuma ƙarin taki zai gyara?

Malamin Gona:
Wa alaikumus salam. Malam, dawar gida irin su Kaura da Farafara ba kwanakin shuka take ƙirgawa ba, tsawon dare take aunawa. A kewayen Kano, yini mafi tsawo a Yuni yana kai kamar awa 12 da minti 50, mafi gajarta a Disamba kamar awa 11 da minti 25. Ratar ba ta da yawa, amma ganye yana gane ta. A cikinsa akwai sinadari mai jin haske, da kuma wani agogo na halitta mai zagaye kusan awa 24. Idan dare ya kai tsawon da irin yake jira, ganye sai ya aika saƙo zuwa kan tsiro, a daina fitar da ganye a fara haɗa zangarniya. Wannan yana faruwa a ɓoye cikin kara, fiye da wata guda kafin ka ga ta yi ciki.

To ka ga gonakin biyu dare ɗaya suka kwana, saƙo ɗaya suka samu. Ta Yuli ba ta samu lokacin tara ganye da gaɓoɓi ba, shi ya sa ta tsaya gajeriya. Taki zai ɗan ƙara cikar ƙwaya, amma ba zai mayar da watan da ya wuce ba. In shuka ta makara, gara a nemi iri mai saurin nuna wanda bai damu da tsawon dare ba.

Hajiya Mai Iri:
Malam ya faɗi gaskiya. Abin da zan ƙara shi ne haɗarin ɗauko iri daga nesa, don nan mutane suke asara. Kowane irin gida ya daidaita furensa da ɗaukewar ruwan yankinsa. Ka kawo irin kudancin Kaduna ka shuka a Daura, zai yi ta kara yana jiran dogon dare, ruwa ya ɗauke bai fitar da kai ba. Ka kai na Daura kudu, zai fito ana tsakiyar ruwa, ƙwaya ta yi fumfuna ta yi baƙi, tsuntsaye kuma su taru a kansa shi kaɗai.

Albasa ita ma tsawon yini take bi. Irin Turai mai buƙatar awa 14 zuwa 16 lawashi kawai zai ba ka a nan. A nemi na gajeren yini, irin su 'yar Galmi ko Red Creole.

Mai Noman Rani:
Kada a manta da zafi da sanyi. Dare ne yake ba da izinin fure, amma ɗumi ne yake tafiyar da saurin girma. Wanda ya shuka Kaura a fadama cikin Nuwamba zai same ta ta fitar da kai tun tana ƙarama, domin dare ya riga ya yi tsawo. In kuma sanyin hunturu ya sauka ƙasa da digiri 13 lokacin fure, garin furen yakan lalace, zangarniya ta fito rabi babu ƙwaya.

A kula da fitilar sola mai kwana a kunne a bakin gona. Hasken yana katse daren, sai layukan da ke kusa da ita su makara wajen fure, musamman waken suya. A juya fuskar fitilar, ko a sa mata kariyar kwano ta ɓangaren gona.